Daga fatoman zango zuwa lambar rajista: tarihin mai saukar da baƙo da hukuma



Makon jiya a shirinmu na safe wata baiwar Allah ta bugo waya. Ba ta faɗi sunanta ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ta ce: "Malam, gidan da ke manne da namu, shekara goma mutum guda ne ke haya ciki da iyalinai. Bara mai gidan ya tashe su, ya yi fenti, ya sa kilima da kujeru. Yanzu kullum sabuwar fuska. Yau mota mai lambar nan, gobe mai lambar wata ƙasa. Na tambayi gardi su wane ne, ya ce shi ma bai sani ba, ta waya anka turo su. To ni in wani abu ya samu ɗiyana, wa zan kama?"

Tana ajiyewa wani dattijo ya shigo layi da zafinsa. Ya ce: "Ni ma ina da irin wanga gida. Da gumina na gina shi, shekara talatin ina aikin gwamnati. Wanda na ba haya ya riƙe mini kuɗin wata takwas, da ƙyar na hidda shi. Yanzu mai kwana biyu sai ya biya kahin ya shiga. Laifin mi na yi?"

Lokaci ya ƙare mana ban ba kowa amsa ba, kuma gaskiya kowannensu da hujjarsa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto abin da mintoci biyar na rediyo ba su ɗauka. Gidajen nan masu kaya a ciki da ake bayarwa na kwana ɗaya ko na mako, sabon abu ne a unguwanninmu. Amma tambayar da matar nan ta yi tsohuwa ce ƙwarai, kuma kakanninmu suna da amsarsu tun kafin Nasara ya zo.

ZAMANIN ZANGO

Ku duba garuruwanmu. A Damagaram akwai Birni, akwai Zango. Birni na cikin ganuwa, can fadar Sarki take. Zango kuwa a waje ya tashi, wurin da ayarin Abzinawa ke sauke raƙuma, fatake na kwance kaya. A Yamai akwai unguwar Zango. Ka sauka Kwatano, Lome, Kumasi, Ankara, ko'ina za ka tarar da unguwa mai wannan suna. Ashe tun asali garuruwan kasuwanci sun ware wa baƙo wurinsa, kuma sun ɗora wani a kansa.

Zamanin Sarki Tanimu na Damagaram, wanda ya rasu a 1884, ayari na zuwa daga arewa da gishiri da dabino da hajar Tarabulus, wani na dawowa daga Gwanja da goro. Bafatake ba ya shiga gari haka kawai ya nemi inda zai kwana. Yana da mai masaukinsa, wanda a wasu wurare ake ce wa fatoma, a ƙasashen kurmi kuma mai gida. Sau da yawa gado ne: inda ubanka ke sauka, nan za ka sauka.

Aikin fatoma ya wuce ba da ɗaki da tabarma. Shi ke ba baƙo tuwo, shi ke ajiye masa kaya da kuɗi, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke yi masa tafinta in bai jin harshen garin. Kuɗin kwana ba shi ne abin nema ba, la'adar ciniki ita ce riba. Abu mafi girma kuma, shi ke tsaya wa baƙo a gaban hukuma. In baƙo ya yi ɓarna, ƙofar mai masauki ake bugawa. In an cuci baƙo, mai masauki ke kai kuka fada. A kansa akwai sarkin zango ko sarkin baƙi, wanda ya san wane ayari ya sauka, a gidan wa, yaushe zai tashi.

Har Turawan farko da suka ratsa ƙasar nan ta wannan hanya suka bi. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850, gida aka ba shi, kuma har yau ana nuna wa masu ziyara gidan. A ƙarshen 1852 ya sauka Damagaram. Ba takarda, ba tambari, amma gari duka ya san inda yake kwana da wanda ya ɗauki nauyinsa.

Misalin da aka fi yin nazari a kansa shi ne Sabo na Ibadan. A 1916 hukuma ta tattara Hausawan garin a unguwa ɗaya, aka ɗora musu sarki wanda zai san mai shiga da mai fita. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna cikinsu a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969. Ya nuna yadda mai shanu ke tahowa daga arewa, ya sauka gidan mai gida, dillalan mai gida su sayar wa mahautan Yarabawa bashi. In mahauci ya ƙi biya, mai gida ke biya daga aljihunsa. Mi ya sa zai yarda da wannan asara? Domin sunansa shi ne jarinsa. Ranar da labari ya koma arewa cewa kuɗin baƙo sun salwanta a gidan wane, shi ke nan, ayari ya sake masauki.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya. Tsarin yana da nasa aibu. Akwai fatoman da ke haɗa baki da dillali a ci baƙo, kuma talakan da ba shi da kaya ba shi da fatoma, sai zauren masallaci ko na mai unguwa. Amma ya amsa tambayoyi uku: wane ne mai masauki, wane ne baƙo, wa zai biya in an yi ɓarna.

LITTAFIN 'YAN SANDAN PARIS

Duk wanda ya taɓa sauka otel a Yamai ko Tawa ya san 'yar takardar nan da ake miƙo maka kafin makulli: suna, ranar haihuwa, sana'a, daga ina, zuwa ina, lambar katin ɗan ƙasa. Fish ɗin 'yan sanda. Mutane da yawa na zaton dabarar zamanin tsaro ce ta kwanan nan. A'a, ta girmi jamhuriyarmu da ɗaruruwan shekaru.

A 1667 Sarki Louis na 14 ya ƙirƙiro muƙamin shugaban 'yan sandan Paris, ya ba wani mai suna La Reynie. Birnin ya cika da 'yan ci-rani daga ƙauyuka, suna kwana a ɗakunan haya masu gado da kujera a ciki, na dare ko na mako. Ba mai unguwar da zai iya sanin su duka. Sai hukuma ta tilasta wa kowane mai masauki ya riƙe littafi, ya rubuta duk wanda ya kwana, jami'ai na zagayawa suna dubawa.

Da Napoleon ya fitar da kundin hukunta laifuka a 1810, ya saka abin a doka. Aya ta 475 ta yanka tara ga mai masaukin da bai rubuta sunan baƙo da sana'arsa da garinsu da ranar shiga da ta fita ba. Aya ta 73 kuwa, ku saurara da kyau: in ka saukar da mutum fiye da awa 24 ba ka rubuta shi ba, ya aikata laifi cikin kwanakin, kai mai masauki kai za ka biya diyyar wanda aka cuta. Wannan ai hukuncin fatoma ne sak, sai dai an mai da shi rubutu. Bambancin kawai, fatoma sanin baƙonsa ya yi, shi kuwa mai otel sunan kawai ya rubuta.

Wannan tsari ya biyo Faransawa zuwa ƙasashen da suka mallaka. Sun kama Damagaram a 1899, ta zama babban birnin yankin daga 1911 har 1926 da aka mai da shi Yamai. Ƙarƙashin dokar nan ta indijena, wadda ba a soke ba sai 1946, talaka ba ya ƙetare wani yanki zuwa wani yadda ya ga dama, sai da takardar lasifase. Kwamanda na so ya san wa ya shigo, wa ya fita, saboda lanho da aikin dole da ɗibar soja. A nan ne rubuta sunan baƙo ya yi baƙin jini wurin mutanenmu. Dā, a san baƙo domin a kare shi da gari. Zamanin kwamanda, a san shi domin a ƙirga shi, a tatse shi. Ina ganin wani ɓangare na tsoron da muke wa rajista har gobe daga can ya samo asali. Ka ce wa ɗan kasuwa ya zo a rubuta sunansa, abin da ke faɗo masa a rai shi ne patanti.

Bayan 'yancin kai a 1960 fish ta zauna daram a otel-otel ɗinmu. Abin mamaki, Faransa da kanta ta ɗauke wa 'yan ƙasarta ita a 1974, zamanin ministan cikin gida Michel Poniatowski. Amma baƙon da ba ɗan ƙasa ba, har yau sai ya cika, ko a otel ya sauka ko a gidan haya na 'yan kwanaki.

To kun ga an samu hanya biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Otel na da izininsa da fish ɗinsa da harajinsa. Zaure da gidan dangi da mai masaukin 'yan kasuwa kuma na tafiya da sanayya. Shekara da shekaru ba su taka juna ba.

KATIFA UKU A SAN FARANSISKO

A watan Oktoba na 2007 wasu samari biyu a San Faransisko ta Amurka, Brian Chesky da Joe Gebbia, kuɗin haya ya gagare su. Ana wani babban taro a garin, otel sun cika. Sai suka shimfiɗa katifun hurawa a falonsu, suka yi talla a intanet, mutum uku suka zo, kowa ya biya dala 80. Daga nan Airbnb ta samo asali, a 2008 ta zama kamfani.

Da farko abin kamar namu na gargajiya: mai gida na nan, baƙo na ɗakin kusa, a sha shayi tare. Ba a jima ba masu kuɗi suka gane lissafin. Su sayi gida sukutum, su fitar da mai hayar wata, su riƙa ba masu yawon buɗe ido dare-dare. Mai gidan ba ya nan, makulli na cikin wani ɗan akwati a bakin ƙofa. Ba otel ba ne balle a nemi izini, ba zaure ba ne balle a ce an san juna. Tambayoyin nan uku suka dawo ba mai amsawa, ga kuma ta huɗu ta ƙaru: ɗan gari fa, ina zai zauna?

Birane suka farka ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan dukkansu da rajista suka fara. San Faransisko ta kafa tata a 2015. Aka yi ta shari'a da kamfanin, daga baya aka sasanta, a farkon 2018 aka share duk gidan da ba shi da rajista daga shafin, kusan rabi suka ɓace.

Paris ta bambanta abu biyu. Gidan da kake zaune ciki, a da kana iya ba da shi kwana 120 a shekara. Daga 1 ga Disamba 2017 dole ka karɓi lambar rajista a ma'aikatar magajin gari, ka manna ta a tallarka. Gidan da ba ka zaune ciki kuwa, sai ka nemi izinin sauya shi daga gidan zama zuwa na kasuwanci, kuma sai ka rama wa birni da wani wurin da za a mai da na zama. Masu gidaje suka kai ƙara har kotun Tarayyar Turai, a watan Satumba na 2020 kotun ta ce birnin da ke fama da ƙarancin gidaje na da ikon yin haka. A 2021 wata kotun Paris ta ci Airbnb tarar yuro miliyan 8, sama da miliyar 5 na sefa, saboda tallar gidajen da ba su da lamba. A watan Nuwamba na 2024 aka yi sabuwar doka da ta ba magadan gari ikon rage kwanakin zuwa 90, Paris kuma ta rage tun farkon 2025.

Birnin Niyok ya fi kowa tsanani. Daga 5 ga Satumba 2023, in hayar ba ta kai kwana 30 ba, dole ka yi rajista, dole kana cikin gidan tare da baƙin, kuma kada su wuce biyu. Wato da ƙarfin doka aka ce a koma zamanin da mai masauki ke kwana gida ɗaya da baƙonsa. Tallace-tallacen suka zube ƙasa warwas. Sai dai kuɗin hayar gida bai sauko yadda aka yi fata ba, kuma wasu masu gidajen suka koma neman baƙi ta bayan fage. A Basalona ta Spain kuwa, magajin gari Jaume Collboni ya sanar a watan Yunin 2024 cewa lasisin gidaje kimanin 10,000 zai ƙare a watan Nuwamba na 2028, ba sabuntawa.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. A watan Janairun 2024 an kashe mata biyu a irin waɗannan gidaje a Nairobi, kwanaki kaɗan tsakani. Ƙasar Kenya ta girgiza, mata suka fito zanga-zanga. Sai bayan nan hukuma ta matsa a kan masu gidajen su yi rajista da hukumar yawon buɗe ido, aka umarci masu gadi su riƙa rubuta katin shaidar duk mai shiga. Dokar ta zo, amma bayan an yi jana'iza.

DARASIN AGADAS

Mu ma muna da namu darasi, kuma mai ɗaci. Shekaru da dama saukar da matafiya masu nufin Libiya sana'a ce a fili a Agadas. Akwai masu masauki, akwai direbobi, akwai masu abinci, gari na ci daga ciki. Yawancin matafiyan 'yan ƙasashen yammacin Afirka ne masu 'yancin zirga-zirga ƙarƙashin yarjejeniyar CEDEAO ta 1979. A watan Mayun 2015 aka yi doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016. Aka kama direbobi, aka tsare motoci, saukar da matafiyi ma ya zama abin da ke iya kai mutum gidan kaso.

Shin matafiya sun daina zuwa? Sun ragu a idon hukuma, amma ba su daina ba. Gidajen saukarsu, waɗanda ake ce wa geto, suka koma bayan gari, ƙofa a kulle. Direbobi suka bar hanyar da aka sani mai rijiyoyi suka shiga sahara ta wasu kafofi. Wanda aka cuta a irin wannan gida ba shi da bakin kai ƙara, domin shi da mai masaukin duka ɓoyo suke. A watan Nuwamba na 2023 hukumomi suka soke dokar.

Na san hayar vila ta kwana biyu a Maraɗi daban take da maganar hijira. Amma darasin ɗaya ne. Sana'ar saukar da baƙo ba ta mutuwa don an hana ta, ɓuya take yi. In ta ɓuya kuma, baƙo da maƙwabci su ke shan wahala.

MU A YAU

Yaushe abin ya shigo mana? Duk lokacin da baƙi suka fi ɗakunan otel yawa. Wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Yamai a Disambar 2005. Taron ƙolin Tarayyar Afirka a watan Yulin 2019. Bukin 18 ga Disamba da ya zagaya jihohi: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Ga kokowar takobi, wadda tun 1975 take tara jama'a, jihar da ta karɓi baƙunci sai an rasa wurin shimfiɗa tabarma. Ga ma'aikatan ƙungiyoyi masu zuwa aikin mako guda, ga 'yan kasuwa daga Katsina da Kano da Sakkwato, ga 'yan'uwanmu na ƙetare da ke dawowa biki ba su son takura wa dangi. Buƙata ce ta gaskiya. Mai iyali da ya kawo marar lafiya likita daga ƙauye, gida mai madafa ya fi masa ɗakin otel sau goma.

Lissafin dattijon nan ma ba ƙarya ba ne. Mu ɗauki misali kawai: gidan da ake haya jika 60 a wata, in ka sa kaya ka ba da shi jika 15 a dare, kwana huɗu ka mai da kuɗin wata. Wa zai ƙi? Amma kowane gida da ya koma haka, iyali guda ne suka koma neman haya. A garuruwan da ke da jami'a kamar Maraɗi da Damagaram da Tawa, inda ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci ke rububin ɗaki ɗaya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ba mu kai Paris ba, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai wani bambanci da ya kamata masu tsara doka su lura da shi. Paris da Niyok sun ci nasarar da suka ci ne domin ciniki na bi ta kamfani ɗaya ko biyu. Ka kama kamfanin, ka kama kowa. Mu namu ba haka yake ba. Ta WhatsApp yake tafiya, ta Facebook, ta dillalin gidaje, ta direban taksi da ɗan kabu-kabu a bakin tasha. Ba wani kamfani da za a ci tara. In an kwafo dokar Paris aka liƙa mana, takarda ce za ta kwanta a ofis. Waɗanda suka san kowane gida a unguwa su ne mai unguwa da dillali da gardi. Wato dai magadan sarkin zango da fatoma suna nan da ransu, ba a ba su aikin ba ne kawai.

Ga abin da nake gani tarihin nan ya koya mana, kuma ra'ayina ne, kowa na iya kawo nasa.

Na farko, a san mai masauki. Rajista mai sauƙi a ma'aikatar magajin gari, da sa hannun mai unguwa, a ba mutum lamba ya sa a ƙofar gida da cikin tallarsa. Kuɗin ya zama kaɗan, a rubuce, da rasit. In rajista ta yi tsada ko ta zama yawo daga ofis zuwa ofis, ba wanda zai je, mun koma gidan jiya.

Na biyu, a san baƙo. Kaye ɗaya a hannun mai gida ko gardi: suna, lambar kati, ranar shiga, ranar fita. Abin da ake nema ga otel ke nan, ba dalilin da gida mai ɗaki huɗu da kilima zai tsira daga gare shi. Amma kayen nan amana ne. Ba na tsegumin unguwa ba ne, ba kuma na wani jami'in da zai riƙa zuwa karɓar na goro ba.

Na uku, a san wa za a kira. Maƙwabta su samu lambar mutumin da zai ɗauki waya ko da ƙarfe biyun dare. Wannan kaɗai da an yi, da matar nan ba ta bugo mana ba.

Na huɗu, a bambanta. Tsohuwar da ta ba da ɗakin ɗanta kwana goma lokacin kokowa ba ɗaya take da mai vila takwas ba. Ta farko, sanar da mai unguwa ya isa. Na biyu ɗan kasuwa ne cikakke, ya yi rajistar kasuwanci ta RCCM, ya karɓi lambar haraji NIF, ya nemi izinin ma'aikatar yawon buɗe ido kamar yadda mai otel ke yi. Mai otel da ke biyan ma'aikata da haraji shi ma yana da hakki kada a bar wani ya yi sana'arsa a ɓoye.

Ga dattijon da ya bugo: Baba, ba ka yi laifi ba don ka nemi halal da gidanka. Amma kada ka jira a zo maka. Ka je wurin mai unguwa, ka je ma'aikatar magajin gari da ofishin yawon buɗe ido na jiha, ka ce ga abin da nake yi, wace takarda ta hau kaina. Ka sayi kaye na dala ɗari ka ba gardi. Ranar da wani ya kwana gidanka ya tashi ya yi ta'asa, ba wanda zai tambayi WhatsApp, kai za a kira komisariya. Kayen nan shi ne shaidarka.

Ga baiwar Allah da ta fara kira: Hajiya, tambayarki daidai ce, kuma kina da hakkin a ba ki amsa. Ki samu maigidanki da sauran maƙwabta ku je wurin mai unguwa, a kira mai gidan a zauna. Ba faɗa ba, ba a ce ya rufe ba. Ya ba ku lambar da za ku kira, ya yi alkawarin rubuta duk mai shiga.

Mu mutane ne da aka sani da karɓar baƙo. Malamai na tuna mana hakkinsa na kwana uku, iyayenmu kuma na cewa baƙonka annabinka. Amma waɗanda suka bar mana wannan magana ba su taɓa saukar da mutumin da ba su san daga ina ya fito ba, ba su kuma taɓa ɓoye shi ga maƙwabta ba.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu sake buɗe layi a kan maganar. Muna so mu ji masu unguwanni da dillalan gidaje, musamman kuma waɗanda aka tasa daga haya don a sa kilima. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa baƙinmu su zo lafiya su koma lafiya.